Nasaran da Ya Ratsa Damargu da Malamin da Ya Tsare Jininsa

A farkon watan Janairu na 1851, hunturu na kan ganiyarsa, ayarin gishirin Kel-Owi ya gangaro daga duwatsun Abzin ya shigo ƙasar Damargu. Raƙuma sun yi makonni suna ratsa fako da ƙaya, sai ga karan gero a gonaki, ga rumbuna tsaitsaye a bakin ƙauyuka, ga shanu da kaji. Wannan ƙasa, wadda a yau ta ƙunshi Tanut da Balbeji a jihar Damagaram, ita ke ciyar da Abzin tun tuni: a sauke kantun gishirin Bilma, a ɗora buhunan hatsi. Ayarin ya yi zango a Tagelel, ƙauyen Annur, dattijon shugaban Kel-Owi.

A cikin ayarin akwai Nasara uku da suka baro Tarabulus tun watan Maris na 1850, da yawun gwamnatin Ingila. Shugabansu James Richardson, mutumin Ingila, ana kiransa Yakubu. Sauran biyun Jamusawa ne: Adolf Overweg, wanda ake ce wa Tabib, da Heinrich Barth, ɗan shekara 29, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Barth ya iya Larabci, ya karanci Alƙur'ani, kuma a kan hanya ya riƙa tsintar Hausa daga bakin fatake da barori.

Guzurinsu ya yi ƙasa, don haka suka yanke shawarar kowa ya kama gabansa, su haɗu a Kukawa, babban birnin Barno, wajen watan Afrilu. Ranar 11 ga Janairu suka yi sallama a Tagelel. Richardson ya nufi Zindar, Barth da Overweg suka yi wajen Tasawa, su ma bayan ƴan kwanaki suka rabu. Ba su sake haɗuwa su uku a duniya ba.

Kafin su iso Damargu sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Agusta na 1850, a bakin iyakar Abzin ta arewa, wata runduna ta tare su ta ce ko su musulunta ko a kashe su. Barorinsu da wasu abokan tafiyarsu suka yi ta roƙonsu su furta kalmar shahada ko da a baki ne, su tsira da rayukansu. Suka ƙi. Da aka ja zance aka ja, sai ta bayyana cewa kayan da ke kan raƙuma ake so: aka ba da dukiya mai yawa, rundunar ta watse, ba a sake maganar shahada ba. Daga nan baƙin suka ci gaba har suka isa hannun Annur.

Tambayar da aka jefa musu a wannan rana ita ta bi Barth shekara biyar a ƙasashenmu. Mene ne matsayin mutumin da ya ce yana bin Annabi Isa, yana riƙe da littafin da yake kira Linjila? Amsar kuwa ta bambanta gwargwadon zurfin karatun mai ba da ita.

Duk yaron da ya riƙe allo a Tanut ko Tarka ko Olelewa ya taɓa bakin amsar tun kafin ya san ma'anarta. Izun farko da yake haddacewa shi ne Sabbi, kuma surar da izun ya ɗauki sunanta tana ƙarewa ne da ambaton takardun da aka saukar wa Annabi Ibrahim da Annabi Musa. Yaro zai rubuta ayar da tawada, ya biya ta a gaban malam, ya wanke allon ya wuce gaba. In ya girma ya shiga littattafai, za a gaya masa cewa imani da littattafan Allah rukuni ne daga rukunan imani shida: Attaura ta Musa, Zabura ta Dawuda, Linjila ta Isa, da Alƙur'ani wanda ya zo a ƙarshe. Wanda ya ƙaryata saukar ɗaya daga cikinsu, imaninsa bai inganta ba.

Alƙur'ani bai gabatar da kansa a matsayin baƙon zance ba. Annabi Musa ya fi kowane annabi yawan ambato a cikinsa, kuma Nana Maryam ce kaɗai macen da ya kira da sunanta. Aya ta 48 a Suratul Ma'ida ta ba shi aiki biyu game da littattafan da suka gabace shi: yana gaskata su, kuma shi ne mai tsaro da hukunci a kansu. Shi ya sa bai ɓoye inda ya saɓa da mabiyansu ba. Ya tabbatar da haihuwar Isa ba tare da uba ba, ya kore cewa shi ɗan Allah ne, ya kore cewa an gicciye shi. Ya zargi wasu daga ma'abota littafi da karkatar da magana daga muhallinta, da rubuta abu da hannunsu su jingina wa Allah. Malamai sun yi saɓani a kan girman wannan canji: Ibn Hazm ya tafi a kan cewa nassin kansa aka taɓa, Ibn Khaldun kuwa ya karkata ga cewa a wajen fassara ɓarnar ta fi aukuwa. Duk da haka, aya ta 46 a Suratul Ankabut ta hana jayayya da su sai ta hanya mafi kyau, Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu, kuma a cikin Bukhari akwai hadisin da ya hana gaskata labaransu kai tsaye, ya kuma hana ƙaryata su kai tsaye.

Wannan ma'auni ne mai buƙatar nutsuwa, kuma manyan malaman ƙasar Hausa sun iya riƙe shi. A 1824, shekara 27 kafin zangon Tagelel, wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya shiga Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi wace ƙungiyar Nasara mutanen Ingila suke bi, har ya ambaci Nasɗurawa, tsohuwar ƙungiyar Kiristocin gabas. Tambayoyin Bello suka yi zurfi har baƙon ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Da Clapperton ya dawo a 1826, ya kawo wa Bello littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis, da Zabura, da littattafan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Bello ya karɓa. Dangantakarsu ta yi tsami daga baya saboda yaƙin Sakkwato da Barno, domin Clapperton yana ɗauke da kyautar Shehun Barno, amma ba a taɓa lafiyarsa ba. Ciwo ne ya kashe shi a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Barth ya isa Katsina a ƙarshen Janairu na 1851, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. A can wani dattijo mutumin Tuwat, Alhaji Bel-Get, mai faɗa a ji a fada, ya kira shi kafiri a bainar jama'a. Abin ya yi wa Barth zafi. Maimakon ya haɗiye, sai ya je har gidan dattijon suka zauna suka baje maganar addini: abin da Nasara suka yi imani da shi, da yadda su ma suka rarrabu. Ba wanda ya ja ɗan'uwansa zuwa ga addininsa, amma sun tashi da mutunta juna, kuma da Barth ya sake biyowa ta Katsina a 1853 sun gaisa gaisuwar sanayya.

Yana kan hanyar Barno bayan ya bar Kano, labari ya riske shi cewa Richardson ya rasu ranar 4 ga Maris a Ngurutuwa, tafiyar ƴan kwanaki kafin Kukawa. Barth ya ratse ya je ya ga kabarin. Ya tarar da shi a gindin wata babbar itaciya, an kewaye shi da ƙaya don kada namun daji su tone. Mutanen garin sun san sarai Nasara ne ke kwance a wurin, kuma sun bar shi da mutuncinsa.

A Kukawa, inda ya isa ranar 2 ga Afrilu, ya tarar da Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir. Da aka zo maganar yarjejeniyar ciniki da Ingila, wazirin ya ce abu biyu ne ba ya son a sayar a Barno: giya da littafin Nasara. Amma ya bambanta su. Bai hana a shigo da littafin ba, bai hana a ba da shi kyauta ba, kasa shi a kasuwa ne bai yarda da shi ba. A nan ana iya ganin ma'aunin nan yana aiki a hannun mai mulki: littafin yana da alfarmar da ta hana a wulaƙanta shi, kuma akwai taka-tsantsan da ya hana a sake shi ga kowa.

Overweg ya rasu a Maduwari, bakin Tafkin Chadi, a watan Satumba na 1852. Barth ya rage shi kaɗai, sai ya yanke shawarar da kowa ya ɗauka ganganci ce: zai tafi Tambutu. Ya biyo ta Zindar a ƙarshen shekarar, ya wuce Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu ya ba shi takardar aminci. Ya zauna da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu. A Gwandu aka ba shi aron Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya. Ya haye Kwara a Sayi a watan Yuni na 1853.

Daga can gaba ƙasa ta canza. Yankin yana ƙarƙashin daular Masina, mai hedikwata a Hamdallahi, inda wani matashi, Ahmadu ɗan Ahmadu, jikan Seku Ahmadu, bai daɗe da hawa mulki ba. Barth ya ɓoye addininsa, ya ce shi sharifi ne daga gabas mai kai wa Shehun Tambutu littattafai. Mutane suka riƙa zuwa neman albarkarsa, har a wani gari aka sa shi roƙon ruwa. Ƙarya ce ya yi don tsira da ransa, kuma ba ta yi tsawon kwana ba. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba na 1853, cikin ƴan kwanaki gari ya ɗauka cewa akwai Nasara a cikinsa.

Mutanen Tambutu ba su manta da Manjo Gordon Laing ba, Baturen da ya shiga garin a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan fitarsa, a hannun wani shugaban Larabawan Barabish. Kowa ya ɗauka Barth ma haka za ta kasance da shi. Shehun da ya zo dominsa ba ya gari. Ƙanensa Sidi Alawate, wanda ya sauke shi, ya yi ta tatsar kyauta daga gare shi, sannan ya zo da almajirai ya matsa masa ya musulunta. Barth, yana fama da zazzaɓi, ya mayar da martani da hujjar da ya ɗauko daga karatunsa na Alƙur'ani: cewa miƙa wuya ga Allah ɗaya ya girmi zuwan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tunda shi ne addinin Annabi Ibrahim da annabawan da suka biyo bayansa, kuma shi ma Allah ɗaya yake bauta wa. Malami zai ce masa hujjar ba ta cika ba, domin wanda saƙon ƙarshe ya iso gare shi ba ya da uzurin tsayawa a na baya. Amma ta isa ta nuna wa masu sauraro cewa mutumin da ke gabansu ba mai bautar gunki ba ne, kuma ya san littafinsu.

A ƙarshen watan Satumba Shehu Ahmadul Bakka'i ya dawo. Shi ne jagoran Kuntawa kuma babban shehun Ƙadiriyya a wannan yanki, jikan Sidi Mukhtar al-Kunti. Mahaifinsa, Sidi Muhammadu, shi ne ya yi jinyar Laing lokacin da aka sassare shi a hamada kafin ya isa Tambutu. Tun ganinsu na farko Shehu ya ba Barth amana, yana sane da cewa Nasara ne. Daga ranar babu sauran shigar sharifi.

Sai manzanni suka fara zuwa daga Hamdallahi da umarni a kori Nasaran ko a miƙa shi. Shehu ba shi da rundunar kansa da za ta kara da Masina. Abin da yake da shi ilimi ne, da kwarjini, da jin maganarsa da Abzinawan yankin suke yi. Ya fitar da baƙonsa daga gari zuwa zangonsa a cikin rairayi, ya aika wa shugabannin Abzinawan Iwillimmedan su matso kusa, sannan ya ɗauki alƙalami. A wasiƙun da ya rubuta wa Ahmadu, ya kafa hujja da shari'a: wannan mutum ya shigo da aminci, ƙasarsa ba ta yaƙi da Musulmi, manyan sarakunan Musulunci na Istambul da Maroko suna zaman sulhu da mutanensa, kuma ba kowane mai riƙe da yanki ne yake da hurumin ɗaura yaƙi da sunan al'umma ba. Shari'ar tana tare da shi. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta wajabta ba da mafaka ko ga mushiriki in ya nema, har a kai shi inda zai aminta. Ina ga wanda Alƙur'ani ya kira ma'abocin littafi?

Watannin da suka yi a wannan zango su ne zuciyar labarin. Da rana Shehu yana karantar da almajiransa Bukhari, ƙaramin ɗansa yana gefe yana biya allonsa da ƙarfi. Da dare almajirai su kewaye wuta su yi ta rera surori har tsakar dare, kuma Barth da kansa ya shaida a littafinsa cewa wannan karatu a filin hamada ya ratsa shi ƙwarai. Shehu da baƙonsa kan zauna su yi ta tattaunawa a kan annabawa, da Annabi Isa, da abin da ya haɗa addinan biyu da abin da ya raba su. A cikin littattafan Shehu akwai littafin likitanci na Abuƙraɗ da Larabci. Clapperton ne ya kawo wa Muhammadu Bello shi, Bello kuma ya ba Shehu. Littafin ya riga Barth isa Tambutu da shekaru, ta hannun malamai biyu da ba su ji tsoron karatun da ya fito daga wajen Nasara ba.

A watan Disamba wani abu ya faru da ya girgiza garin. Ali, ɗan shugaban Barabish ɗin nan da ya kashe Laing, ya zo da mutanensa, kuma an san da niyyarsa a kan Barth. Sai ciwo ya kama shi farat ɗaya, ya mutu. Jama'a suka ce hukuncin Allah ne, wasu ma suka riƙa yaɗa cewa Barth ɗan Laing ne. Ko me mutum zai ce game da wannan fassara, ta sanyaya gwiwar masu neman jininsa na wani lokaci.

Matsin Hamdallahi bai tsaya ba, Shehu ma bai sassauta ba. A watan Mayu na 1854 ya tashi da kansa, da almajiransa, ya raka baƙonsa gabas, bin gaɓar Kwara, tafiyar makonni har Gawo. A can suka yi bankwana a watan Yuli, bayan Shehu ya ba shi doguwar takardar aminci zuwa ga sarakunan da ke gabansa. Barth ya biyo ta Sakkwato, Kano da Kukawa, ya ƙetare hamada, ya isa Landan a watan Satumba na 1855. Tare da shi akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda Overweg ya ƴanta daga bauta. Littafin tafiyar Barth ya fito cikin mujalladi 5 a 1857 da 1858. Shehu Bakka'i da Barth duka sun rasu a shekara ɗaya, 1865, ɗaya a ƙasar Masina, ɗaya a Balin. Shehu ya mutu yana shehun Ƙadiriyya, Barth ya mutu yana Nasara.

In aka jera mutanen da Barth ya gamu da su, abu ɗaya yana fitowa fili. Waɗanda suka ɗora masa takobi a wuya da sunan addini a iyakar Abzin, da aka ba su kaya sun tafi. Waɗanda suka ƙoshi da Alƙur'ani, irin su Aliyu Babba da ɗan Tafa da Shehu Bakka'i, su ne suka zauna da shi, suka yi masa tambayoyi, suka gaya masa inda ya kuskure a ganinsu, suka kuma tsare ransa. Ba su rage ko wasali ɗaya daga aƙidarsu don su faranta masa ba. Sun san littafinsu ya zo ne a ƙarshen jerin saƙonni daga Ubangiji ɗaya, don haka mai riƙe da saƙon baya abokin muhawara ne mai haƙƙi a kansu.

Wannan gado namu ne, kuma mun ga abin da ke faruwa in aka sake shi. Ranar 16 ga Janairu na 2015, bayan wata jaridar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, zanga-zanga ta ɓarke a Zindar, washegari ta kai Yamai. An ƙona coci-coci, an rasa rayuka. Zafin cin mutuncin Annabi gaskiya ne, kowane Musulmi ya ji shi a ransa. Amma maƙwabtan da aka ƙona wa wuraren ibada ba su ne suka yi zanen ba, kuma aya ta 40 a Suratul Hajji ta lissafa wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa.

Malamanmu na Damargu da Damagaram da sauran ƙasar Hausa suna da duk abin da ake buƙata a hannunsu: ayoyin suna cikin allunan yara, hukunce-hukuncen amana suna cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, misalin kuma yana cikin tarihin shehunanmu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a karantar da su tare, tun yaro yana ƙarami, domin ya tashi ya san cewa kare jinin ma'abocin littafi da ke zaune lafiya da shi umarni ne daga cikin Alƙur'anin da yake haddacewa.